Tambayoyinku da Amsoshinmu: Sanyin Hunturu da Kuɗin Ɗumama Gida

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili sun karkata ne ga yadda sanyi ke cinye kuɗin wuta da na gas da na gawayi. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Bukuru, jihar Filato: Assalamu alaikum. Saboda sanyin bana na sayi hitar ɗumama ɗaki mai ƙarfin wat 2,000, muna kunna ta daga bayan sallar isha'i har tsakar dare, wani lokacin ma har asuba. Katin wutar da a da yake kai mu wata guda, yanzu da ƙyar yake wuce mako ɗaya. Unguwarmu tana cikin rukunin A. Shin mitar ce ta lalace, ko kuwa hitar ce ba mai kyau ba in canja wata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya laifin ya zama na mita, ita ma hitar aikin da aka ƙera ta dominsa take yi, kuma lissafi kaɗan zai nuna maka inda kuɗin ke tafiya. Yunit ɗaya na wuta shi ne abin da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 take sha a cikin awa ɗaya, saboda haka taka tana shan yunit biyu a kowace awa. Idan ta yi awa shida a dare ta sha yunit 12, a wata kuwa yunit 360. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki a Najeriya ta ɗaga farashin rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya ya sauko zuwa wajen naira 210. Ko da wannan farashi na biyu aka lissafa, hitar ita kaɗai ta kai naira 75,000 a wata, ban da haraji. Abin da take sha a awa ɗaya daidai yake da na ƙwan fitila 200 masu wat 10, don haka magidancin da ke bin yara da faɗa kan kashe fitilar banɗaki alhali hita tana ci a ɗakinsa, ya bar babban ɓarnar ya kama ƙaramar.

Idan kana son cire kokwanto game da mitar, ka kashe komai na gidan har da firji, ka rubuta adadin yunit ɗin da ke kanta, ka kunna hitar a ƙarshen ƙarfinta na awa ɗaya, sannan ka sake dubawa. In abin da ya ragu bai wuce yunit biyu ba, mitar lafiyarta ƙalau. In ya zarce haka sosai, sai ka kai ƙorafi a rubuce ga kamfanin da ke ba ku wuta.

Game da canja wata hitar, ina ba ka shawara ka riƙe kuɗinka. Duk hitar lantarki, ko mai jan ƙarfe ce, ko mai fanka, ko mai mai a cikinta, yunit ɗaya na wuta take mayarwa yunit ɗaya na zafi, kuma babu wadda ta fi wata ta wannan fuska, komai daɗin bakin mai shago. Bambancinsu yana ga yadda suke sakin zafin: mai fanka tana ɗumama iska da sauri ta kuma huce da sauri, mai mai tana jinkirin ɗauka tana jinkirin saki, mai jan ƙarfe kuwa wanda ke gabanta take gasawa. Na'urar da ta fita daga wannan ƙa'ida ita ce ta sanyaya ɗaki irin wadda ake iya juya ta ta riƙa ɗumamawa, domin ita janyo zafi take yi daga iskar waje, har takan ba da kusan yunit uku na zafi a kan yunit ɗaya na wuta. Sai dai ba kowace ce ke da wannan tsarin ba, kuma sayen sabuwa saboda sanyin wata biyu ko uku ba zai mayar da kuɗinsa da wuri ba.

Inda gyara yake da araha shi ne jikin ɗakin. Jos da kewayenta suna bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma a daren hunturu da sararin sama ba gajimare, rufin kwano yana sakin zafinsa da sauri har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. Iska mai ɗumi sama take yi, saboda haka ɗakin da ba shi da silin, ko wanda silin ɗinsa ya huje, kuɗin mai shi ta rufi yake fita. Sai tagogin luba waɗanda ba su taɓa rufuwa ruf, da ƙasan ƙofa, da daɓen siminti ko tayil da ke zuƙe zafin ƙafa. Kunna hita a irin wannan ɗaki ɗiban ruwa ne da kwando. Ka toshe hujojin silin, ka manna leda mai kauri a bayan luba, ka rataya labule mai nauyi wanda ya sauka har ƙasa, ka nannaɗe tsohon zane ka tare ƙasan ƙofa, ka shimfiɗa darduma ko tabarma biyu. Da hantsi a buɗe tagar da rana ke dukanta domin bango ya sha zafi, kafin magariba kuma a rufe ko'ina, tun sanyi bai shigo ba. Tsofaffin ɗakunan ƙasa masu kaurin bango da rufin azara suna yin wannan aikin da kansu, suna tara zafin yini su sake shi da dare, abin da bulon siminti mai rami a ciki ba ya iyawa.

Bayan wannan, ɗumama mutum ya fi ɗumama ɗaki sauƙi nesa ba kusa ba. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri riƙe ɗumi saboda iskar da ke maƙalewa a tsakaninsu, kuma hula da safa suna aiki fiye da yadda ake zato. Bargon lantarki yawanci bai wuce wat 100 ba, wato ko ya kwana a kunne bai cika yunit ɗaya ba. Hitar kuwa a ba ta awa ɗaya kafin kwanciya da rabin awa da asuba lokacin shirin yara, sai ta koma yunit uku a rana maimakon 12. Kada a kwana da ita a kunne, kada a shanya mata kaya, kuma a jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, domin wutar da take ja ta fi ƙarfin siraran wayoyin ƙari da ake sayarwa a bakin titi.

Tambaya daga wata matar aure a Damagaram, Jamhuriyar Nijar: Surukata tsohuwa ce, muna zaune gida ɗaya. Kullum da dare takan sa a kai mata kaskon garwashi ɗaki, ta rufe ƙofa da taga, jikokinta biyu suna kwana tare da ita. Da safe sukan tashi da ciwon kai da kasala, ita kuwa ta ce sanyi ne ya kama su. Gawayi shi ne abin da muke iya saye. Akwai illa a hakan?

Amsa: 'Yar'uwa, akwai illa babba, kuma ina roƙon ki kada a sake kwana da kaskon nan daga yau. Ciwon kan da kika ambata, tunda yana kama duk waɗanda suka kwana a ɗakin kuma yana sakinsu bayan sun fito iska, alama ce ta shaƙar iskar kabon monoksaid. Gawayi yana fitar da ita muddin yana ci, kuma a rufaffen ɗaki, yayin da iskar oksijin ke raguwa, fitarta ƙaruwa take yi. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Tana kama sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, sai jini ya yi ta zagayawa ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata ba. Mai barci ba ya farkawa ya gane halin da yake ciki, kuma ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu da masu ciwon zuciya su ne take fara kayarwa.

Akwai wata fahimta da ta yaɗu cewa idan gawayi ya gama hayaƙi ya zama jan garwashi, haɗarin ya wuce. Wannan kuskure ne mai kisa, domin hayaƙin da ido ke gani daban, gubar daban, kuma garwashin da aka lulluɓe da toka yana ci gaba da fitar da ita har gari ya waye. Ɗan buɗe taga ma ba abin dogaro ba ne a daren da iska ta kwanta. Hukuncin janareto a cikin zaure ko a gindin tagar ɗakin kwana shi ne dai wannan.

Ba sai kun ƙara ko dala a kan abin da kuke kashewa ba. A ji ɗumin wutar a tsakar gida ko a rumfa, inda iska ke wucewa, sannan a ɗauki zafin a kai ɗaki a bar wutar a waje. Jan bulo busasshe da aka jingina a gefen murhu lokacin girkin dare, in aka naɗe shi da tsohon zane aka sa a ƙarƙashin bargo, yana riƙe ɗumi na sa'o'i. A guji jiƙaƙƙen dutse ko na rafi, yana iya fashewa a wuta. Haka kuma ruwan zafi, wanda bai kai tafasa ba, a cikin gora mai murfi mai ƙarfi, a naɗe ta da tsumma. Kada a manna ko ɗaya a fatar jariri ko a ƙafar mai ciwon sukari, saboda suna iya ƙonewa ba su ji ba.

Na san ba ke ce za ki ce wa Inna ta daina abin da ta tashi ta ga iyayenta suna yi ba. Ki karanta wa maigidanki wannan amsa, shi ya same ta cikin ladabi, ya shigo mata ta wajen lafiyar jikokin, ya kuma zo da bulon da ƙarin bargo a hannunsa domin kada ta ga kamar an raba ta da ɗumi ne kawai. Idan kuwa wata rana aka tarar da wani ya kasa tashi, ko yana amai, ko ya rikice, a fitar da shi sarari nan take a garzaya asibiti, a gaya musu cewa da garwashi ya kwana domin su sa masa oksijin. Manja ko madara ba sa fitar da wannan guba, kuma ɗura su ga wanda ba ya cikin hayyacinsa na iya shaƙe shi.

Tambaya daga wani magidanci a unguwar Kurna, Kano: Mu tara ne a gida, kowa kuma sai da ruwan zafi yake wanka a wannan lokaci. Tsakanin lantarki da gas da gawayi da itace, wanne ya fi araha wajen dafa ruwa?

Amsa: Alhaji, farashi yana sauyawa daga kasuwa zuwa kasuwa, saboda haka zan ba ka ma'aunin da za ka yi lissafin da kanka. Ɗaga bokiti mai lita 20 daga digiri 15 zuwa digiri 40, wanda ya ishi wanka, yana buƙatar zafin da ya ɗan haura rabin yunit. Da hitar da ake tsomawa a ruwa kusan duk wutar a cikin ruwan take ƙarewa, don haka yunit ɗaya yana ba da bokiti ɗaya da rabi zuwa biyu. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin yunit 13 ko kusa da haka, amma wajen rabinsa yana bin gefen tukunya ya tafi, sai ya ba da bokiti goma. Kilon gawayi yana da kimanin yunit takwas, kurfoti kuwa da ƙyar yake isar da kashi ɗaya cikin huɗu ga tukunya, wato bokiti uku. Busasshen itace a murhun duwatsu uku shi ne ya fi kowanne ɓarna, kilo guda bokiti ɗaya ne ko ƙasa da haka. Sai ka raba kuɗin kilon gas gida goma, na gawayi gida uku, na yunit ɗin wuta gida biyu, ka ga wanda ya fi sauƙi a unguwarku. Mutane da yawa sukan yi mamakin ganin cewa gawayi, wanda ake saye kaɗan-kaɗan har ake ɗaukarsa mai araha, ba kullum yake cin wannan gasa ba.

Amma ribar da ta fi girma tana ga ruwan da kuka fara da shi. Ruwan da ya kwana a tankin sama ko a buɗaɗɗen baho ya sha sanyin dare, wanda aka ja yanzu daga rijiya ko burtsatse kuwa da ɗuminsa yake fitowa, saboda zafin ƙarƙashin ƙasa ba ya bin sauyin dare da rana. A yankinmu yakan haura digiri 25, ka ga ke nan kusan rabin aikin an riga an yi muku shi kyauta. Baƙar jarka da aka cika aka ajiye a rana daga hantsi zuwa la'asar ita ma tana ba da ruwan wanka ba da ko kwabo ba, kuma idan aka mayar da wankan yara da na duk wanda ba ya fita da sassafe zuwa yamma, bokitin da za a dafa da asuba ba zai wuce uku ko huɗu ba. Na alwalar asuba a zuba shi a fulas tun da dare, daga ragowar wutar girki.

A riƙa rufe tukunya, a kare murhu daga iska, domin iskar hunturu tana kwashe harshen wuta daga gindin tukunya. A dafa daidai lokacin da za a yi amfani da shi, kada a tafasa a bari ya huce a sake ɗorawa. Mai hitar bango ya kunna ta minti 30 kafin wanka ya kashe, maimakon barinta yini guda tana hucewa tana sake ɗauka. Ita kuwa hitar tsomawa, a cire ta daga soket kafin a sa hannu a ji ɗumin ruwan, kuma kada a bar yaro shi kaɗai kusa da ita.

Tambaya daga wani ɗalibi a Manchesta, Ingila: Wannan ne sanyina na farko a nan tare da iyalina. Saboda tsoron kuɗin makamashi na kashe ɗumamar gas ta gidan gaba ɗaya, muka koma ɗaki ɗaya da ƙaramar hitar lantarki. Kuɗin bai ragu sosai ba, ga kuma baƙin fumfuna ya fara fitowa a bango. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, dabarar da ka yi ta dace da gida Najeriya, amma a inda kake ta juye maka. A Birtaniya yunit ɗin lantarki ya ninka na gas tsada kusan sau huɗu, saboda haka abin da kake kashewa kan ɗaki ɗaya da hita ya kusa isa ya ɗumama ɗakuna uku da gas. Sannan akwai kuɗin da ake caja kowace rana saboda kasancewar layin a gidan, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Hukumar Ofgem mai kula da harkar makamashi a Birtaniya tana sabunta iyakar farashi duk bayan wata uku, amma iyakar ta kuɗin yunit ce da ta wannan caji na kullum, ba ta jimillar abin da za ka biya ba.

Ka mayar da ɗumamar gas, ka sa ma'aunin daidaita zafin gidan a digiri 18 ko 19. Digiri 18 shi ne mafi ƙarancin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a ƙasashe masu sanyi, kuma gidan da ke da jariri ko tsoho yana iya buƙatar fiye da haka. Ƙiyasin da masu ba da shawara kan makamashi a can suka daɗe suna bayarwa shi ne, rage digiri ɗaya yana rage kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ɗumama. Ka saita agogon tukunyar gas mai dafa ruwan ɗumama gidan ta kunna kafin ku tashi da kuma da yamma, ta kashe idan kun fita ko kun kwanta. Ƙarafan ɗumama, waɗanda ruwan zafin ke bi ta cikinsu, na ɗakunan da ba a zama a rage su, kada a kashe su ɗungurungum, kuma kada kujera ko labule ya tare gabansu. Idan tukunyarku irin wadda ba ta da tankin ajiyar ruwan zafi ce, rage zafin ruwan da take turawa cikin ƙarafan zuwa digiri 60 yana sa ta ƙona gas kaɗan. Mai tanki kuwa kada ruwan tankin ya sauka ƙasa da digiri 60, saboda ƙwayoyin cuta da ke hayayyafa a ruwa mai ɗumi. Ka kuma riƙa aika wa kamfanin adadin da ke kan mita duk wata, domin kada a yi maka lissafin ƙiyasi.

Fumfunar nan ba abin wasa ba ce. Tururin girki da na wanka da na numfashi da na kayan da aka shanya a ɗaki yana sauka a kan bango mai sanyi ya zama danshi, a nan take tsirowa, kuma tana cutar da huhu. A Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a Rochdale, kusa da inda kake, kuma binciken kotu a 2022 ya danganta rasuwar da fumfunar gidan da iyayensa ke haya. A rufe tukunya yayin girki, a kunna fankar fitar da tururi ta kicin da ta banɗaki, a buɗe tagogi na minti goma kowace safiya ko da ana sanyi, a goge raɓar gilashi. Ka sanar da mai gidan a rubuce tare da hotuna, in ya yi biris ka kai maganar sashen kula da gidaje na ƙaramar hukuma. Doka a Ingila ta wajabta masa binciken kayan gas duk shekara, da sanya na'urar gargaɗin kabon monoksaid a ɗakin da tukunyar ɗumamar take tun daga Oktoban 2022, kuma tun Afrilun 2020 ba a yarda a ba da hayar gidan da darajar riƙe zafinsa ta gaza matakin E a ma'aunin A zuwa G ba, sai wanda aka yi wa rangwame na musamman. Ka nemi ya nuna maka takardar wannan daraja.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar jinya a Katsina: Muna da sola a gida. Zan iya jona hita a kanta in huta da sayen kati? Na kuma lura batir ba ya cika kamar da.

Amsa: Malama, kada ki jona. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da yunit 2.4 ne kacal, kuma in irin mai ruwa ne ko danginsa, rabin wannan ya kamata a ja idan ana son ya daɗe. Hita mai wat 2,000 za ta shanye wannan rabin cikin minti 35, in ma inbatar ta iya ɗaukarta ke nan. Bargon lantarki shi ne abin da irin wannan sola za ta iya riƙewa har safe. Rashin cikar batir kuwa aikin hazo ne da ƙurar da ke kwanciya a kan farantan. Hazo ba yadda za a yi da shi, amma farantan a wanke su da ruwa da tsumma mai laushi sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, a kuma mayar da guga da jan ruwa zuwa tsakar rana lokacin da hasken ya fi ƙarfi.